Zuba Asiton a Tankin Mota Don Rage Shan Mai: Yadda Ake Yi da Yadda Za a Gane Ko Yana Aiki

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ya haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Wannan ya sa masu motoci neman duk wata dabara da za ta sa tanki ɗaya ya kai su nesa. Daga cikin dabarun da mutum zai ci karo da su a intanet akwai zuba ɗan asiton a cikin fetur. Asiton, wanda ake rubuta acetone a jikin kwalbarsa, sinadari ne mai kama da ruwa, mai ƙarfin wari da saurin bushewa, wanda ake goge janfarce da shi, masu fenti da masu aikin gam kuma suna wanke kayan aikinsu da shi.

Gara in bayyana matsayina tun daga farko, domin kada mai karatu ya ɓata kuɗinsa kafin ya kai ƙarshe: asiton ba ya rage shan mai a motar da ke da lafiya. Duk da haka gani ya kori ji, kuma na san akwai waɗanda ba za su haƙura ba sai sun gwada da hannunsu. Saboda su ne zan yi bayanin adadin da ake zubawa, da abin da ke iya lalacewa, da kuma hanyar awo da ba za ta yaudari mutum ba, wadda ita ce mafi amfani a duk wannan al'amari.

Inda maganar ta samo asali

Maganar ta yaɗu ne a Amurka a wajen 2005, lokacin da farashin mai ya yi tashin da ya dami jama'a a can. Masu yaɗa ta sun ce a zuba oza 2 zuwa 3 na asiton tsantsa a kowane galan 10 na fetur, kuma wasunsu sun yi alƙawarin cewa mota za ta ƙara nisan tafiya da kashi 30 cikin 100 ko ma fiye. Galan na Amurka lita 3.8 ne, don haka idan aka mayar da lissafin zuwa ma'aunin da muka saba da shi, ana maganar mililita 60 zuwa 90 ne a cikin lita 38, wato kusan mililita 2 a kowace lita. Tanki mai cin lita 50 zai ɗauki mililita 80 zuwa 120, abin da bai kai rubu'in ledar fiya wata ba a mafi yawansa. Su kansu masu wannan ra'ayi sun yarda cewa idan aka wuce wannan adadi, shan mai ƙaruwa yake yi.

Hujjarsu ita ce wai fetur ba ya ƙonewa duka a cikin injin, saboda ɗigonsa ba ya tarwatsewa sosai, kuma wai asiton yana raunana ƙarfin da ke sa ruwa ya dunƙule ya zama ɗigo, ta yadda man zai zama tururi da wuri ya ƙone gaba ɗaya. Maganar tana da daɗin ji, amma tana da rauni ta fuskoki uku.

Na farko, injin mota na zamani mai aiki da injekta, wato na'urar da ke fesa mai cikin injin, idan ya ɗau zafi kuma lafiyarsa ƙalau, yana ƙona sama da kashi 95 cikin 100 na man da ya shiga cikinsa. Asarar da ake yi ba ta man da bai ƙone ba ce, ta zafi ce: kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin da ke cikin fetur yana fita ne ta salansa da lagireto a matsayin zafi, kuma babu sinadarin da za a zuba a tanki ya dawo da shi. Idan abin da ya rage bai ƙone ba bai kai kashi 5 ba, daga ina za a samo ƙarin kashi 30? Na biyu, wannan ƙarfin dunƙulewar da ake magana a kai kusan ɗaya ne a fetur da asiton, hasali ma na asiton ya ɗan ɗara, saboda haka ba shi da abin da zai rage wa fetur. Na uku, asiton bai kai fetur ƙarfi ba. Kilo ɗaya na fetur yana ba da wajen megajul 43 na zafi (megajul ma'aunin yawan zafi ne), na asiton kuwa wajen 29, domin sama da rubu'in nauyinsa iskar oksijin ce, wadda ba ta ba da zafi da kanta. Motar zamani tana da sensa a jikin salansa da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan oksijin da ya rage a hayaƙi, ita kuma ƙwaƙwalwar tana daidaita man da injekta ke fesawa domin ya dace da iska, kashi 1 na fetur ga kashi 14.7 na iska ta fuskar nauyi. Idan aka kawo mata mai mai ɗauke da oksijin, ƙara feshi za ta yi, ba ragewa ba. A ɗan adadin da ake zubawa bambancin bai kai a ji shi ba, amma ko nawa ne, ta ɓangaren asara yake.

An kuma gwada. Shirin talabijin na MythBusters ya gwada asiton a 2006, bai ga ragin shan mai ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta bincika na'urori da sinadarai sama da 100 da aka tallata da sunan rage shan mai, ba ta sami ko ɗaya da ya kawo canji na a zo a gani ba. Akwai kuma tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa: kamfanonin ƙera motoci suna kashe maƙudan kuɗi domin samun ragin kashi 1 ko 2 kacal, to me zai hana su ko matatun mai amfani da sinadarin da ake samarwa da miliyoyin tan a shekara, in da gaske yana ba da kashi 30?

Abin da ke iya lalacewa

Asiton gwani ne wajen narkar da abubuwa, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ake sayensa. Tiyon mai da ƙananan zoben roba da ke toshe bakin injekta da famfon mai yawanci ana yin su ne da robar nitrile ko wadda ake kira Viton, saboda suna jure fetur. Dukansu biyu ba sa jure asiton: yana kumbura su, ya tausasa su, daga baya su tsage. Gaskiya ne cewa mililita 2 a lita ba zai cinye tiyo a rana ɗaya ba, kuma mutane da yawa sun zuba ba su ga komai ba a tanki na farko ko na biyu. Matsalar ita ce yawancin motocin da ke kan titunanmu 'yan Kwatano ne da suka yi shekara goma sha biyar ko ashirin, robobinsu sun riga sun sha rana sun bushe, kuma yoyon fetur a kusa da injin mai zafi ba ƙaramin haɗari ba ne. Wanda ya tuna abin da ya faru a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol Najeriya har motoci suka riƙa mutuwa a hanya, ya san cewa injin ba ya yafe man da aka sauya wa haɗi.

Zafin ƙasarmu ma yana da nasa tasiri. Asiton yana tafasa a digiri 56 na ma'aunin Salshiyos, alhali a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin rana yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, balle kuma a ƙarƙashin bonet. A motar kafireta ko babur, inda man ba ya cikin matsi mai ƙarfi, duk abin da ya ƙara wa fetur saurin zama tururi yana iya sa injin ya ƙi tashi bayan an kashe shi da zafinsa.

Akwai injinan da bai kamata a yi ma gwajin a kansu ba. Kada a zuba asiton a motar dizal, domin famfonta da nozul ɗinta sun dogara ne da santsin man gas, asiton kuwa ba shi da santsi, sannan yana mayar da man da ba ya saurin kamawa da wuta ya zama mai saurin kamawa. Kada a zuba shi a ƙaramin janareton da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Wanda motarsa sabuwa ce mai garanti ya duba littafin da ya zo da ita, domin kamfanoni da yawa suna gargaɗi a kan zuba sinadarin da ba su amince da shi ba, kuma ba za su biya gyaran da ya jawo ba.

Yadda ake awon shan mai kafin a taɓa asiton

A nan ne mafi yawan masu ba da shaida suke kuskure. Mutum yakan zuba asiton, ya kalli allurar tanki na kwana biyu, ya ce ta daina sauka da sauri. Allurar tanki ba ma'auni ba ce, domin a motoci da yawa takan daɗe a sama sannan ta ruga ƙasa daga rabi. Lambar da wasu motoci ke nunawa a dashbod ma ƙiyasi ce. Hanyar da za a dogara da ita ita ce ta cika tanki.

A je gidan mai guda ɗaya da aka yarda da litarsa, a tsaya a famfo guda, a cika tanki har famfon ya katse da kansa karo na farko, kada a bari mai zuba man ya yi ta ɗurawa har bakin tanki ko a jijjiga mota. A mayar da ƙaramar mitar tafiya zuwa sifili, ko a rubuta lambar babbar mita. A yi tafiya kamar yadda aka saba har man ya sauka ƙasa da rabi sosai, sannan a koma famfon nan a sake cikawa ta hanya ɗaya. Litar da aka zuba a karo na biyu ita ce motar ta sha. A raba kilomita da lita: idan an yi kilomita 420 kuma an zuba lita 40, motar tana yin kilomita 10.5 a kowace lita. Man 'yan bumburutu ba ya shiga wannan lissafi, saboda ba a da tabbacin ma'aunin galan ɗinsu ko abin da ke cikinsa.

Tanki ɗaya ba ya isa. Kuskuren lita ɗaya tak a cikin lita 40 ya riga ya zama kashi 2.5 cikin 100, kuma wannan kafin a yi maganar cunkoso, da yawan fasinja, da kunna esi, da iskar da ke kaɗawa a gaban mota. Direban da ya yi mako guda yana zirga-zirga a cikin Kano, mako na gaba kuma ya yi tafiyar Zariya sau biyu, zai ga bambanci mai yawa ko da bai canza komai a motar ba, domin tafiya a buɗaɗɗen titi ta fi tafiyar cikin gari sauƙin mai. Saboda haka a cika tanki aƙalla sau huɗu ba tare da asiton ba, a rubuta kowanne a littafi tare da irin tafiyar da aka yi, a fitar da matsakaici, a kuma lura da tazarar da ke tsakanin mafi kyau da mafi muni. Idan tankunan sun ba da 10.1 da 10.9 da 10.4 da 10.6, to duk sakamakon da ya faɗo tsakanin 10.1 da 10.9 bayan an zuba asiton ba shaida ba ce ta komai. Kada kuma a fara awon da sanyin hunturu a ƙare shi da zafin bazara, domin esi kaɗai zai rikita lissafin. Haka nan kada a yi juyen baƙin mai, ko canjin fulogi, ko ƙarin iskar taya a tsakiyar gwaji.

Abu mafi wuyar kiyayewa shi ne ƙafar direba. Wanda ya zuba sabon abu a tanki yana fatan ya yi aiki yakan sassauta taka totur ba tare da ya sani ba, kuma wannan sassaucin da kansa yana rage shan mai fiye da duk wani sinadari. A ganina, a nan ne akasarin labaran nasarar asiton suka fito, kuma masu ba da su ba ƙarya suke yi ba, sun ga ragin da gaske, sai dai sun ba da ladan ga wanda bai yi aikin ba. Maganin wannan shi ne a sa wani amintacce ya riƙa zubawa ko ya ƙi zubawa a ɓoye, ya rubuta a takardarsa, ba za a haɗa takardun biyu ba sai an gama.

Idan an dage sai an zuba

A nemi asiton tsantsa a wurin masu sayar da sinadarai ko kayan fenti. Ruwan goge janfarce na kanti bai dace ba, saboda ana haɗa shi da ruwa da mai da turare, wani ma babu asiton a cikinsa sam. Tina ma ba asiton ba ce, haɗin sinadarai ne daban-daban. A auna da kwalbar gilashi mai alamar mililita, kada a wuce mililita 2 a kowace lita, kuma a lissafa da litar da za a zuba a ranar, ba da girman tanki ba, in ba haka ba adadin zai riƙa taruwa. A kashe injin, a zuba asiton da mazurari kafin a zuba fetur domin ya gauraya. Ɗigo ɗaya a jikin mota yana iya dusar da fenti, don haka a ajiye ruwa da tsumma a kusa, a wanke nan take.

Tururin asiton yana kamawa da wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 17 ƙasa da sifili, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya kai ga wutar da ke nesa. Saboda haka a yi aikin a fili, nesa da sigari da murhu da janareto mai aiki. Kada a bar kwalbar a cikin mota da rana, kuma kada a juye shi a gorar ruwan sha, domin fari ne tas, yaro ba zai bambanta shi da ruwa ba.

A yi tanki huɗu da shi, sannan a sake yin biyu ko uku babu shi. Idan ragin da aka gani na asiton ne, dole ya ɓace bayan an daina zubawa. A duk tsawon gwajin a riƙa buɗe bonet da safe ana duba tiyon mai, ana shinshina warin fetur. A ƙarshe a sa kuɗin asiton ɗin a cikin lissafi.

Wasu sukan ce ai ko bai ƙara wa man ƙarfi ba, yana wanke injekta. Idan nozul ya toshe har yana shafar shan mai, gara a kai wa bakanike ya cire ya wanke a na'ura, ko a sayi maganin da aka yi musamman don wannan aiki, maimakon a je neman ƙiba a samo rama.

Inda littafin awon zai nuna bambanci

Wanda ya saba da awon cika tanki ya mallaki abin da zai gwada kowace shawara da shi, kuma akwai waɗanda za su nuna bambancin da ya fi tazarar kuskure. Alƙaluman ma'aikatar makamashi ta Amurka sun nuna cewa tuƙin fizga da yawan taka birki yana ƙara asarar mai da kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cunkoso, da kashi 15 zuwa 30 a babban titi, kuma shan mai yana ƙaruwa da sauri da zarar an wuce kilomita 80 a awa. Barin injin yana aiki a tsaye yana cin wajen lita 1 zuwa 2 a awa, gwargwadon girmansa da kunna esi. Kowane ƙarin kilo 45 na kaya yana cin kusan kashi 1, kayan da aka ɗaure a saman mota kuwa sun fi haka ci saboda iska. Daidaita iskar taya yana iya dawo da har kashi 3, kuma adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙarfe ba, ba kuma wanda ke jikin taya ba, domin wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne.

Abu biyu sun fi damuna a garejinmu. Ɗaya shi ne sensar oksijin da ta mutu, ko aka yanke wayarta wajen aikin salansa aka bar ta haka. Ma'aikatar da na ambata ta ce gyara irin wannan matsala yana iya inganta shan mai da har kashi 40. Ɗayan kuma shi ne al'adar cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin injin, da haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma muddin bai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwar mota tana ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama ɗumama ba, ta ci gaba da ba shi mai fiye da kima. Motar da fitilar injinta ke kunne a dashbod, a fara kai ta a sa mata kwamfuta a karanta matsalar kafin a sayi ko wane irin sinadari. Matatar iska kuwa, canza ta yana taimaka wa shan mai a motar kafireta, amma a motar injekta ƙarfin ja ne ya fi ingantawa.

Wanda ya riga ya zuba

Idan adadin bai wuce mililita 2 ko 3 a lita ba, babu buƙatar tayar da hankali: a ƙarar da man, a cika tanki da fetur zalla, a duba tiyo da gindin injekta na 'yan makonni. Idan an zuba da yawa, misali rabin lita ko lita guda a tankin da bai cika ba, kada a bar shi ya kwana yana jiƙa robobi, a cika tankin fal nan take domin a tsarma shi, ko kuma, wanda ya fi, a sa bakanike ya zuƙe man a fili nesa da wuta. Idan kuwa ruwan goge janfarce ne aka zuba, ko aka zuba asiton a tankin dizal, kada a tayar da injin sai an zubar da man an canza matatar mai. Duk motar da ta fara warin fetur, ko silonta ya fara rawa, ko ta fara wuyar tashi bayan an yi mata wannan haɗi, a ajiye ta a kira bakanike ya same ta a inda take, a kuma gaya masa ainihin abin da aka zuba da adadinsa, domin ya san robobin da zai fara dubawa.